Bayit Biyar Daga Bakin Gulbi

Tun da damina ta nutsa, na'urar da ke bakin gulbi a wani ƙauye na ƙasar Maradun ta fara yanke magana. Aikinta guda ɗaya ne: ta auna zurfin ruwa, ta aika ta rediyo zuwa wata na'ura da ke saman tankin ruwa a Talata Mafara, ita kuma ta miƙa wa ta uku da ke ƙauyen Kawu Nagode a fadamar Bakura. A can akwai fitila biyu da jiniya a ƙofar gidan Kawu. Koriya na nufin a shiga fadama, ja na nufin kowa ya fito. Ruwan da ya wuce Maradun da safe ba ya isa fadamar sai rana ta karkata, kuma wannan ratar ce manoman shinkafa suka dogara da ita, domin babu sabis na waya a ƙauyukan biyu.

Ishaq da ƙanwarsa Mufida ne suka haɗa na'urorin a shagonsu na gyaran kayan sola a Mafara. Dukansu sun karanci lantarki. Ishaq ne ya rubuta saƙon farko, kuma ya rubuta shi yadda mutum zai iya karantawa: sunan na'ura, kwanan wata, kalmar ruwa da lambarta, kalmar batir da lambarta, duk da haruffa. A lokacin rani bai taɓa ba su matsala ba. Da hadari ya rufe sama, faifan sola ya daina cika batir, sai na'urar ta riƙa fara magana tana mutuwa a tsakiya. Rabin saƙo kuwa ba saƙo ba ne, na'urar Mafara watsar da shi take yi.

Ranar da suka zauna gyara, an yi la'asar ana yayyafi. Mufida ta juyo masa da fuskar kwamfuta.

"Yaya, duba. Cikin saƙo goma, biyu suka iso tun safe. Harafi saba'in da wani abu kake sa ta furta. In tana magana da nisa haka, kowane harafi lokaci ne, kowane lokaci wuta ne."

"Na gani," in ji Ishaq. "Mi kike son a yi?"

"A cire haruffa gaba ɗaya, a tura lambobi tsiraru. Bayit biyar."

Bayit gurbi ne ɗan ƙarami da na'ura ke ajiye lamba a ciki, daga sifiri zuwa ɗari biyu da hamsin da biyar, ba ya ɗaukar fiye da haka. Ta lissafa masa da yatsu: ɗaya lambar na'ura, ɗaya lambar jerin saƙo don a gane in wani ya ɓace, ɗaya zurfin ruwa, ɗaya ƙarfin batir, na ƙarshe kuma lambar shaida, wadda ake haɗawa daga sauran huɗun don mai karɓa ya tabbatar saƙon bai lalace a hanya ba.

Ishaq ya kalli yatsunta. "Ruwa a gurbi guda?"

"Kowace lamba santimita biyu. Ya kai mita biyar da ɗoriya."

"In ya wuce fa?"

"Malam Manu ya nuna mana bishiyar ɗinyar nan. Ya ce tun tasowarsa ruwa bai taɓa taɓa reshenta na farko ba, kuma mun auna, mita huɗu ne."

Malam Manu shi ne dattijon da ya ba su wurin kafa sandar na'urar a gefen gonarsa, yana kuma goge musu faifan sola.

"A ba ruwa gurbi biyu," in ji Ishaq. "Shida ke nan. Ɗaya dai aka ƙara."

"Ba ɗaya ba ne. Rediyon nan ƙunshi-ƙunshi yake turawa, biyar na shiga ƙunshi guda. Na shida sai ya buɗe sabo. Lokacin zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma a wannan kashin ne batir ke faɗuwa."

Ya nemi kuma kada a cire amsa, wato duk na'urar da ta karɓi saƙo ta ce ta karɓa. Mufida ta ce sauraron amsa ma wuta yake ci, gara a maimaita saƙon kawai. Suka yi ta ja har ladan ya fara gyaran murya. Ba wanda ya ɗaga harshe, amma kowa ya san abin da ya sa maganar ta yi nauyi. Hanyar ƙauyen Malam Manu ba hanyar da ake bi sau biyu a mako ba ce. Sai ranar kasuwar Maradun motoci ke shiga a jere, su fito a jere kafin yamma, saboda 'yan bindiga. Duk abin da suka zuba wa na'urar gobe, da shi za ta zauna har wani makon.

A ƙarshe Ishaq ya ce, "To. Biyar. Amma ban so ba."

Kafin ya tafi suka sauya wa na'urar saman tanki yare zuwa sabon saƙon, suka aika wa Kawu Nagode sabuwar na'urar ƙauye. Da safe Ishaq ya saka kwamfutarsa a buhun taki don kada ta ja ido, ya shiga motar kasuwa.

Da azahar saƙon farko ya faɗo. Mufida na zaune a shago, wata na'urar gwaji irin ta Bakura na kan tebur tana jin duk abin da tanki ya faɗa. Saƙo na biyu ya biyo, na uku, na huɗu, lambar jeri na hawa ɗaya bayan ɗaya babu giɓi. Abin ya yi aiki.

Ishaq ne bai dawo ba. Motocin kasuwa suka shigo Mafara da yamma babu shi. Wani direba ya ce an yi ruwa mai yawa ta gabas, wani rafi ya cika ya raba ƙauyen da titi, waɗanda suka shiga ciki sai dai su kwana. Mahaifiyarsu ta tambaya sau uku, Mufida ta ba ta amsa iri ɗaya sau uku.

Washegari da ta buɗe shago, fitilar gwaji ja ce. Ruwa ya haura mita huɗu. Ta san jiniya ta yi kuka a ƙauyen Kawu, mutane sun fito. Ta ja kujera ta zauna gaban lambobin. Ɗari biyu da ashirin. Da talatin da biyar. A Mafara kuwa sama ta washe, rana ta fito fes, mata na shanya a kan katanga. Ruwan duk a can wajen Maradun aka zuba shi.

Lambar ta kai ɗari biyu da hamsin. Da hamsin da uku. Da hamsin da biyar.

Saƙo na gaba ya ce biyu.

Fitilar da ke kan tebur ta koma koriya.

Mufida ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Ta fara da abin da za a iya dubawa. Lambar jeri daidai take, babu saƙon da ya ɓace. Lambar shaida daidai take, saƙon bai lalace ba. Batir na da ƙarfi. Da ruwa ya ɗauke sandar, da shiru za ta ji, ba lamba ba. Ta jira na gaba tana riƙe da bakin tebur. Ya zo, ya ce huɗu. Na bayansa ya ce bakwai.

Gulbi ba ya ƙafewa tsakanin saƙo da saƙo sannan ya fara cika a hankali. Gurbin ne ya cika ya zagayo, kamar mitar babur da ta kai ƙarshen lambobinta ta koma sifiri. Ruwan ya wuce mita biyar, yana ci gaba da hawa, na'urar kuma na gaya wa mutanen fadama cewa gulbi ya bushe.

Ta san abin da za su yi. Da safe sun gudu sun bar injinan ban ruwa da shinkafar da ta fara nuna. Ga rana ta fito, ga fitila koriya. Ba mai zama.

Ta kira wani ɗan'uwansu da ke cikin garin Bakura, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta tura masa saƙo, ta kira Surajo, maƙwabcinsu mai motar haya, ta ce ya zo gindin tanki yanzu, za su Bakura. Amma mota sai ta ci lokaci, rediyo kuwa ƙiftawar ido ne. Na'urar Maradun ba ta hannunta, ta Bakura ma haka. Ta tsakiya ce kawai za ta iya taɓawa.

Ta rubuta gyaran a tsaye. Duk abin da ya zo daga Maradun, na'urar tanki ta goge lambar ruwan, ta sa mafi girma, ta tura. Ta zuba kwamfuta da kebul da na'urar gwaji a jakar goyo, ta ɗaure hijabinta a ƙugu, ta fita.

Tsanin tankin ƙarfe ne, da sauran danshi a jikinsa. Sau ɗaya ta taɓa hawansa, ranar Ishaq na ƙasa yana riƙe da igiya. Yau masu sayen ruwa da kurarsu ne a ƙasa, suka bar abin da suke yi suna kallonta. Wani tsoho ya ce, "Ɗiyar nan, ina za ki?" Ta hau tana kallon matakin da ke gaban fuskarta kaɗai. A sama iska na kaɗawa, ta zauna a kan ƙarfen, ta maƙale ƙafa ɗaya a madogarin gefe, ta kwance murfin akwatin, ta soka kebul.

Na'urar ta ɗauke, ta karɓi gyaran, ta farfaɗo. Mufida ta fito da ta gwaji ta ɗora a cinya. Saƙo ya zo daga Maradun, ƙaramar fitilar aikawa ta ƙifta. Ta gwaji ta tsaya a koriya.

Ta jira wani. Ya zo, ya wuce. Koriya.

Ta sake karanta abin da ta rubuta, layi uku ne kacal, babu kuskure a ciki. Ta ɗaga kai ta hango gefen yamma, inda fadama ke kwance kore shar har iyakar gani. Sannan ta gane. Ta sauya lambar ruwa ta bar tsohuwar lambar shaida. Mai karɓa na haɗa lissafi ya ga bai yi daidai ba, ya ɗauka saƙon ya lalace, ya jefar da shi shiru, kamar yadda ita da kanta ta koya masa. Da ba ta ɗauko na'urar gwaji ba, da ta sauka tana ganin ta gama.

Ta ƙara layi ɗaya. Sai da ta goge ta sake bugawa. Na'urar ta ɗauke, ta dawo. Jiran saƙo na gaba ya yi mata tsawo har ta fara tunanin ruwa ya cinye sandar. Sai ga shi. Fitilar cinyarta ta koma ja.

Amma wannan a cinyarta ne. Ko ta Bakura ta ji, babu yadda za ta sani, domin ita ce ta ce a cire amsa.

Surajo na jira a ƙasa da injin a kunne. Bai tambaye ta komai ba sai da suka fita gari.

"Lafiya dai?"

"Ruwa na zuwa. An ce musu babu."

"Wa ya ce?"

"Na'urarmu."

Ya ƙara wuta. Bayan Bakura suka bar kwalta suka bi hanyar laka, motar na zamewa, sau biyu tana neman kafewa. Mufida ta sauke gilashi tana kasa kunne. Sai da suka kusa shiga ƙauyen ta ji kukan jiniya, siriri, iska na kawo shi tana mayarwa.

A ƙofar gidan Kawu mutane sun taru suna gardama. Inna Hindatu, matar Kawu, wadda ke kula da fitilun, ta tari Mufida tun kafin ta gama fitowa daga mota. Ba a yi doguwar gaisuwa ba.

"Mufida, wanga abu naku ya rikice. Da safe ja, da hantsi kore, yanzu ja. Wanne za mu ɗauka?"

"Ja, Inna. Koren ƙarya ne. Ina Kawu?"

"Shina can ƙasa, wajen injinshi. Sun tafi da yawa."

Wasu sun fito da suka ji jiniya, ga su nan da damman shinkafa a ka. Wasu sun fito, sun ga rana, sun ce na'ura ta lalace, suna shirin komawa. Wani magidanci mai suna Ɗanlami yana cewa shi dai ya bar amalankensa da shanu biyu a bakin gona da ƙanensa, lodi ɗaya ya rage.

Mufida ba ta saba magana a gaban maza masu yawa haka ba. Ta tsaya kusa da Inna Hindatu ta ce, "Ku yi haƙuri ku saurare ni. Na'urar tana da iyakar lambar da take iya ƙirgawa. Ruwan Maradun ya wuce iyakar, sai ta koma farko. Ba raguwa ya yi ba, yawa ya yi. Ya fi duk wanda kuka taɓa gani. Ni na sa mata iyakar."

Wani ya ce, "To yanzu ta yaya za mu san wanga jan gaskiya ne?"

"Ni na kunna shi da hannuna daga Mafara. Da ba gaskiya ba ne, da ban biyo shi ba."

Inna Hindatu ba ta jira su gama shawara ba. Ta kira masu babura uku da sunayensu, ta ce su bi kan gaɓa su yi ta ihu, na can ƙasa ba sa jin jiniya. Suka tafi. Ɗanlami ya bi su da gudu.

Ruwan bai zo da ƙara ba. Magudanar da ke gefen hanya ce ta fara cika, jan ruwa mai kumfa da karare, yana tafiya ta inda bai saba bi ba. Sai ya haye kunyoyin farko. Mutane suka riƙa ɓullowa daga cikin shinkafa, wasu da inji a kafaɗa, wasu hannu wofi, ruwa a gwiwa, daga baya a ƙugu. Inna Hindatu na tsaye tana kiran sunan duk wanda ya hau tudu, ana amsawa daga baya. Mufida na gefenta tana duban kowace fuska.

Kawu Nagode na cikin na ƙarshe. Samari biyu ne suka riƙo shi, ruwa har ƙirji, babu hula, babu inji. Da ya hau tudu ya zauna a ƙasa yana tari. Bayansa Ɗanlami da ƙanensa suka fito da sa ɗaya. Amalanken ya kafe a laka, sun yanke igiyar guda, kafin su kai ga ɗayan ruwa ya kifar da komai.

Ba a rasa rai ba. Sai da aka bi gida-gida aka tabbatar. Fadama kuwa kafin faɗuwar rana ta zama ruwa ɗaya, kan shinkafa ma ba a gani.

Mufida ta durƙusa gaban Kawu. Ya dube ta ya ce, "Ɗiyata, da safe abin naku ya fisshe mu, da hantsi ya maishe mu. Allah ya kiyaye. Ina Ishaq?"

"Ban sani ba, Kawu."

Ta je wajen Ɗanlami ta ba shi haƙuri. Yana shafa wuyan san da ya rage, bai ɗago ba. Ya ce, "Na ji," ya ja dabbarsa ya wuce.

Ishaq ya iso Mafara bayan ruwa ya janye, a bayan wata motar gawayi, ƙafafunsa sun kumbura. Lafiyarsa lau, shi da Malam Manu da iyalinsa, a kan tudun makarantar ƙauyen suka zauna. Bayan mahaifiyarsu ta gama kukanta da addu'arta, ya shigo shago ya zauna a kan benci.

"Ina tsaye ina kallon ɗinyar nan ruwa ya shanye reshen," ya ce. "Na san lambar za ta zagayo. Kwamfuta na hannuna, sandar na tsakiyar ruwa. Ban taɓa jin rashin amfani irin na ranar ba."

Ta ba shi labarin tanki da lambar shaida da san Ɗanlami. Ta jira ya tuna mata abin da ya ce. Bai tuna mata ba.

"Da tsohon saƙona ne," ya ce, "da ko jan farko ba su gani ba. Da ruwa ya same su cikin gona duka."

"Wannan bai dawo da sa ba."

"Bai dawo da shi ba."

Ya jawo kwamfutar gabansa. Ya ce a kan tudun ya yi ta juya abin a kansa. Na'urori uku gare su, amma sun ba lambar na'ura gurbi sukutum. Batir ma ba a bukatar a san shi dalla-dalla, a san yana da ƙarfi ko ya kusa mutuwa ya isa. In aka raba gurbi ɗaya tsakanin su biyun, ruwa ya samu biyu, saƙon na nan a biyar. Mufida ta ƙara nata: ko mi ya faru, in lamba ta kai ƙarshe ta tsaya a nan, kada ta zagayo. Ta Bakura kuma kada ta yarda ta koma koriya sai ta ga ruwa ya sauka a hankali. Amsa suka sake ja a kanta, suka tsaya a kan cewa ta Bakura kaɗai za ta riƙa amsawa, tunda faifanta babba ne.

Wannan karon ba su yarda da lissafin kansu ba. Suka jera na'urori uku a kan tebur, suka yi ta zuba musu lambobin ƙarya, ruwan da ya fi tsayin tanki, ruwan da bai kai sifiri ba, saƙon da aka yanke a tsaka, suna kallon fitila.

Kawu ya aiko cewa ƙauye ya rabu biyu, wasu na so a cire abin, wasu na so a bar shi, za a zauna bayan sallar Juma'a kuma ana son su zo su yi bayani da bakinsu. Kafin nan akwai kasuwar Maradun, ranar da za a iya kai wa na'urar bakin gulbi sabon gyaran. Ishaq ba ya iya sa takalmi tukuna. Mufida ta ce ita za ta je, ya ce ba ta zuwa, mahaifiyarsu ta ce ba mai zuwa cikinsu. Ana gobe kasuwa ba su gama wannan maganar ba, amma Mufida ta riga ta gaya wa Surajo ya ajiye kujera ɗaya a gaba.